KOWA DA GURBINSA A GONA

Ɗan'uwa manomi, wataƙila ka taɓa ganin gonaki biyu maƙwabta, ƙasarsu iri ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka musu, taki ma kusan daidai aka zuba, amma da kaka ta yi sai wannan ya cika rumbu, wancan kuwa tun kafin bazara ya fara awo a kasuwa. Sau da yawa laifin ba na ƙasa ba ne. Yakan zama daga abin da aka haɗa cikin gonar ne, da lokacin da aka shuka shi, da tazarar da aka ba shi.

Shuke-shuken da ke gonarka ba zaman lafiya suke yi kullum ba. Akwai kokawa tsakaninsu dare da rana, ko da yake ido ba ya ganinta. Wannan takarda za ta nuna maka dalilin wannan kokawa, da yadda za ka raba ta, domin abin da ka kashe na iri da taki da ƙarfinka ya koma rumbunka.

ABIN DA AKE KOKAWA A KANSA

Kowace shuka, ko hatsi ce, ko itace, ko ciyawa, abu huɗu take nema: hasken rana, da ruwa, da abincin da ke cikin ƙasa, da sararin da za ta baza saiwa da ganye. Ba ko ɗaya cikin huɗun nan da ya wadata ba iyaka. Hasken da ganyen dawa ya tare ba zai kai ga waken da ke ƙarƙashinta ba. Takin da ciyawa ta sha ya tafi ke nan, gero ba zai same shi ba.

MENE NE GURBI?

Dubi dabbobi a makiyaya. Saniya tana naɗe doguwar ciyawa da harshenta. Tunkiya tana tsinkar gajeriya, har kusa da ƙasa. Akuya ta fi son ganyen itace da toho, har takan miƙe a kan ƙafa biyu don ta kai. Raƙumi kuwa can sama yake ci, inda babu mai kai wa sai shi. Ga su wuri ɗaya, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. To, kawo shanu ɗari ka zuba a wurin da zai ishi ashirin, ka ga yadda za su rame.

Wannan shi muke kira gurbi. Gurbin kowace halitta ana gane shi da tambaya uku: me take ci, a ina take samunsa, kuma yaushe take bukatarsa? In halittu biyu sun yi daidai a dukan ukun, to, zamansu ba zai daɗe ba, ɗaya za ta danne ɗaya. In kuwa sun bambanta ko da a guda ɗaya ne, suna iya zama tare.

Masana sun gwada wannan tun da daɗewa. A shekarar 1934 wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Gause ya ba da labarin gwajin da ya yi da waɗansu ƙananan halittun ruwa, waɗanda ba a ganinsu sosai sai da madubin likita. Ya zuba iri biyu masu cin abinci ɗaya cikin kwalba ɗaya. Kowanne in shi kaɗai ne yakan yaɗu lafiya, amma da aka haɗa su sai ɗayan ya yi ta raguwa har ya ƙare. Daga baya ya haɗa waɗansu biyu, ɗaya yana ci a saman ruwan, ɗaya a gindin kwalbar, sai ga su sun zauna tare.

Ai ko a kasuwa haka ne. Mai ƙosai biyu a bakin rumfa ɗaya, rabon ciniki za su yi. Amma mai ƙosai da mai koko, kowa sai ya sayar.

ƊAN'UWA YA FI KOWA CIN ƊAN'UWANSA

Babu abin da ke ƙwace wa gero abinci kamar wani geron, domin bukatarsu ɗaya ce sak, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Shi ya sa in ka bar tsiro goma a rami ɗaya za ka ga kara siriri, zangarniya ƙanana. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Saboda haka ka rage shukarka tana da sati biyu zuwa uku, bayan an yi ruwa, ƙasa da laushi. Gero ka bar biyu ko uku masu ƙarfi a rami. Dawa ka bar biyu. Masara kuwa, in kunyoyinka tazarar santimita 75 ne, watau wajen kamu ɗaya da rabi, ka bar ɗaya a kowane santimita 25, ko biyu a kowane santimita 50. Kada ka ji tausayin waɗanda ka cire. Barin su shi ne hasara.

Ka kula da shibra kuma. 'Yar'uwar gero ce, tana ƙarama da wuya a rarrabe su, ga ta kuma tana zubar da ƙwayarta a ƙasa kafin girbi. Duk inda ka gane ta ka tuge, kada ka bari ta yi kai. Haka nan ciyayi irin su ƙyasuwa da harƙiya da ƙarangiya, dangin hatsi ne, saiwarsu irin ta hatsi ce, don haka ɓarnarsu a gonar hatsi take da yawa.

HANYOYI UKU NA RABA KOKAWA

1. Rabon lokaci. Dubi haɗin gero da dawa, wanda muka gada tun kaka da kakanni. Ana shuka gero da ruwan farko, ya tashi da sauri, cikin kamar wata uku ya nuna. Dawar gargajiya irin su farafara da kaura a hankali suke tafiya da fari, ba sa fid da kai sai damina ta doshi ƙarewa, ba a girbe su sai wajen Nuwamba ko Disamba. Lokacin da gero ke tsananin bukatar ruwa da taki, dawa tana ƙarama. Lokacin da dawa ta taso da tata bukatar, gero ya bar gona. Kwano ɗaya suke ci, amma ba su sa hannu tare ba. Don haka da ka yanke gero, yi maza ka kwantar da karan ko ka kwashe shi, domin rana ta kai ga dawa da wake.

Yanzu kwatanta wannan da haɗin masara da dawa mai saurin nuna, an shuka su rana ɗaya. Tare za su tashi, tare za su nemi taki, tare za su yi kai. Wannan haɗi kokawarsa ta fi ribarsa, sai fa in ka buɗa tazara ƙwarai.

2. Rabon wuri. Hatsi yana miƙewa sama, wake irin su kanannado da ɗan'ila suna yaɗo a ƙasa, suna amfani da hasken da ya ratso tsakanin kara. A cikin ƙasa ma akwai bambanci. Saiwar hatsi kamar gashi take, ta fi yawa a ƙasar sama. Wake da gyaɗa da auduga suna da uwar saiwa guda mai nutsawa. Amma fa ka sani wannan rabo yana da iyaka. In dawa ta yi kauri ta rufe sama ruf, wake zai yi ta yaɗo ba 'ya'ya, gyaɗa kuwa ta fi wake ƙin inuwa.

3. Rabon abinci. Akwai wani sinadari da ake kira naitirojin, shi ne ke sa ganye ya yi kore shar, shi ne kuma ke cikin takin Yuriya. Hatsi daga ƙasa kaɗai yake samunsa. Wake da gyaɗa da waken soya suna da wata hanya dabam. Tuge gindin wake mai kamar sati shida, ka wanke saiwar a hankali, za ka ga 'yan gudaje manne da ita. Cikinsu akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu jawo naitirojin daga iska su ba shukar. Fasa gudan da farce. In cikinsa ja-ja ne, to, yana aiki.

A nan akwai abin da ya kamata a gyara. Waɗansu suna tsammani wake yana ciyar da dawar da ke kusa da shi nan take. Abin da yake ba ta a wannan damina kaɗan ne. Babban amfaninsa shi ne ba ya matsa mata a kan naitirojin kamar yadda wani hatsin zai yi, sa'an nan ganyen da ya zuba da saiwar da ya bari suna gyara ƙasa don baɗi. In ka kwashe harawa ka kai gida, to, ka mai da kashin dabbobin da suka ci ta gonar. Kuma wake da gyaɗa suna bukatar takin Sufa, in babu shi gudajen nan ba sa aiki sosai.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A dā akwai lokacin da ake ɗaukar haɗa shuka a kan rashin wayewa ne, ana cewa manomi ya shuka abu ɗaya zalla. Cikin shekarun 1960 masu bincike na Samaru, ciki har da wani mai suna David Norman, suka bi manoma a ƙauyukan kewayen Zariya suna auna abin da kowa ya shuka da abin da ya girbe. Suka tarar yawancin gonaki haɗi ne, kuma eka ɗaya ta haɗi takan ba da abin da ya fi na zalla daraja, ga shi kuma ba a cika tashi hannu banza ba, domin in wannan ya ƙi, wancan ya yi. Ashe iyayenmu sun san abin da suke yi.

Tsarin gicci ma da ake yi a ƙasar Kano, inda ake gitta layukan hatsi nesa-nesa a kan kunyoyin gyaɗa ko wake, dabara ce ta hana inuwa ta yi yawa.

Daga baya masu bincike na cibiyar IITA reshen Kano suka fito da tsarin layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake mai saurin nuna. Amfaninsa shi ne wake yana samun rana sosai, kana iya yi masa feshi shi kaɗai, kana iya zuba wa hatsi Yuriya shi kaɗai. In shekara ta kewayo sai ka sauya, hatsi ya koma inda wake ya tashi.

ITATUWA A GONA

Kowa ya san halin gawo. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke cika da ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa. Da rani, lokacin da gona ba kowa, sai ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa gero rana. Saiwarsa tana nutsawa ƙwarai, tana shan ruwan da hatsi ba ya kai wa. Ga shi kuma dangin wake ne, yana jawo naitirojin. Ganyen da ya zubar taki ne, dabbobin da ke hutawa a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Je ka dubi geron da ke gindin gawo ka kwatanta da na fili, ba sai an gaya maka ba. Gurbinsa ya saɓa da na hatsi ta kowane gefe, shi ya sa suka zauna lafiya.

Sabara ma ba abin ƙonewa ba ce. Bincike a ƙasar Senegal ya nuna da dare saiwarta tana jawo ruwa daga zurfin ƙasa ta saki wani a ƙasar sama, geron da ke kusa yana amfana lokacin da ruwa ya ɗauke. In ka sassabe ta da bazara, ka bar kututturen, ka baza ganyen a gona.

A jihar Maraɗi ta ƙasar Nijar, tun daga 1983 aka fara koya wa manoma su bar tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi 'yan kaɗan masu ƙarfi su rene su, su yanke sauran. Abin ya bazu har Damagaram, an kuma ƙiyasta gonakin da suka sake samun itatuwa ta wannan hanya sun kai kimanin hekta miliyan 5.

Amma ba kowane itace ne gawo ba. Darbejiya da mangwaro da turare suna riƙe da ganyensu da damina, suna kuma shan ruwa lokacin da hatsi ke bukatarsa. Irin waɗannan wurinsu iyakar gona ne ko gida. Ɗorawa da kaɗanya suna da amfani mai yawa, kada ka sare su, amma hatsi yakan ragu a ƙarƙashin inuwarsu, musamman ɗorawa. Ka rage mata rassan ƙasa kafin damina.

GURBIN DA KA BARI, CIYAWA ZA TA CIKE

Ƙasa ba ta zama fanko da damina. Duk inda rana ta faɗa a kan ƙasa mai laima, wani abu zai tsiro. In ba kai ka sa naka ba, ciyawa za ta sa nata. Wannan shi ne wani amfanin wake mai yaɗo da kabewa da dankali: suna rufe ƙasa, ciyawa ta rasa haske.

Ɓarnar ciyawa ta fi tsanani a sati shida na farko, lokacin da shukarka ba ta yi ƙarfi ba. Abin da aka ƙwace mata a wannan lokaci ba ya dawowa, ko ka nome daga baya. Saboda haka:

(a) Ka yi noman farko shuka tana da sati biyu zuwa uku.
(b) Ka yi maimai a sati na biyar zuwa na shida.
(c) Kada ka zuba takin zamani a gonar da ba ka nome ba. Ciyawa ka saya wa.
(d) Ka sa takin kusa da gindin shuka ka rufe da ƙasa, kada ka watsa ko'ina.

In kana amfani da maganin ciyawa, ka yi hankali. Waɗansu magungunan da ake fesa wa masara, kamar atirazin, suna kashe wake da gyaɗa. Ka tambayi malamin gona kafin ka fesa a gonar haɗi.

ƘUDUJI

Ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta ko gaugai, shi ba ma kokawa yake yi ba, sata yake yi. Yana manne wa saiwar dawa ko gero ko masara yana tsotsa, kuma kafin ka gan shi a sama ya riga ya yi yawancin ɓarnarsa. Gindi ɗaya yana iya zubar da ƙwaya fiye da dubu 50, ƙanana kamar ƙura, suna kuma iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10.

To, amma gurbinsa ƙunci gare shi, nan ne kuma lagonsa yake. Ƙwayarsa ba ta tsira sai ta ji wani ruwa da saiwar shuka ke fitarwa, kuma in ta tsira ba ta sami saiwar hatsi ta kama ba, cikin 'yan kwanaki sai ta mutu. Auduga da waken soya da gyaɗa suna ruɗinta ta tsira, amma ba ta iya kama su. Don haka gonar da ƙuduji ya ci, ka hutar da ita daga hatsi, ka shuka ɗaya daga cikin waɗannan shekara biyu ko uku. Ka ƙara mata takin gargajiya, domin ƙuduji ya fi ƙarfi a gajiyayyiyar ƙasa. Wanda ya fito kuwa ka tuge shi kafin ya yi fure, ka fitar da shi daga gona ka ƙone. Ka lura, wake yana da nasa irin ƙudujin dabam da na hatsi. In shi ne ya dame ka, nemi irin wake mai jure masa.

GWADA DA KANKA

Gani ya kori ji. Ware wurare uku daidai da juna a gonarka. Na farko dawa zalla, na biyu wake zalla, na uku haɗi. Ka yi musu aiki iri ɗaya, ka auna girbin kowanne dabam.

Ga yadda ake lissafin, da misali kawai. A ce dawa zalla ta ba ka dami 20, wake zalla ya ba ka mudu 40, haɗi kuma ya ba ka dami 15 da mudu 20. Dami 15 kashi uku ne cikin huɗu na 20. Mudu 20 rabin 40 ne. Uku cikin huɗu da rabi, ɗaya da kwata ke nan. Watau da a rarrabe ka shuka su, sai ka nemi gona ɗaya da kwata kafin ka sami abin da gona ɗaya ta haɗi ta ba ka. In lissafinka ya wuce ɗaya, haɗin ya yi riba. In ya kasa ɗaya, kokawa ta yi yawa, sai ka buɗa tazara, ko ka sauya lokacin shuka, ko ka sauya abokin haɗin.

Wannan ba yana nufin shuka zalla ba ta da wurinta ba. In kana da taki isasshe ga masara, ko auduga ce mai bukatar feshi a kai a kai, ko kana aiki da tarakta, zalla ta fi sauƙin kulawa. Amma ko nan ma kada ka maimaita abu ɗaya a gona ɗaya kowace shekara. Hatsi bana, wake ko gyaɗa baɗi.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Kafin ka haɗa shuka biyu, tambayi kanka ko abincinsu, da wurin cinsu, da lokacin bukatarsu sun bambanta.
2. Ka haɗa mai saurin nuna da mai jinkiri, dogo da mai yaɗo, hatsi da dangin wake.
3. Ka rage shuka tana da sati biyu zuwa uku.
4. Ka nome da wuri, sa'an nan ka zuba taki.
5. Ka kwantar da karan gero da zarar ka yanke shi.
6. Ka reni gawo, ka bar kututturen sabara.
7. Kada ka bar ƙuduji ya yi fure.

Lokacin shuka da irin da ya dace sun bambanta daga yanki zuwa yanki, gwargwadon yawan ruwa da irin ƙasa. In kana son ƙarin bayani, nemi malamin gona na yankinku tun kafin ruwan shuka ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka.